Ƙashi Goma Na Bappayo

Jiya a layin mai na karya kumallo, a nan kuma na yi azahar. Allah ya saka wa manyanmu, sun gano talaka ba ya samun lokacin zumunci, sai suka ɓoye fetur. A layin na haɗu da maƙwabcina Bappayo, dillalin shanu, idanunsa jajur.

Ga labarinsa. Watanni bakwai ke nan ya ba wani ɗan kwangilar nama na mayankar Abattoir bijimai shida bashi, na yayansa da ke ruga. An yanka su a walimar buɗe famfon unguwarmu, famfon da har yau ko tari bai yi ba. Ɗan kwangila ya ce gwamnati ba ta biya shi ba, takardar tana kan teburin Mai Girma Sarkin Fayil, Allah ya ƙara masa tebur. Bappayo kuwa kunya ba ta barinsa ya tambayi kuɗi sau biyu, ruga kuma ba ta komuwa hannu wofi.

Sai ya shiga neman kamfanin karɓar bashi. Na farko ya nemi kuɗin fom. Na biyu ƙanen matar Sarkin Fayil ne. Na uku, Mista Sylvanus, mai kwat da jaka, ya ce masa, "Alhaji, ni kashi goma kawai zan ci."

Bappayo ya ji "ƙashi goma".

"Malam," in ji shi, "na ce a raina wannan bawan Allah ne. Ƙashi a Abattoir? Ai har kare ya ƙoshi. Na ce masa ya ci ashirin."

"Ka sa hannu?"

"Na dangwala."

Zuciyata ta karye, wallahi, sai da na kau da kai.

Mista Sylvanus ya yi aiki, ba laifi. Da kuɗin suka fito, ya cire kashi ashirin ɗinsa cikin ɗari. Sarkin Fayil ya ɗauki goma kafin ya tuna inda fayil yake, akawu goma, masinja kuɗin taba. Ɗan kwangila ya ce ragowar sai bayan zaɓe, amma don kada a ce ba shi da kirki, ya aiko wa Bappayo buhu guda daga mayanka.

"Me ke ciki?" na tambaya.

"Ƙashi, Malam. Na ƙirga, sun fi goma."

Ga shawarata ga 'yan kasuwa: in za ku zaɓi mai karɓar bashi, ku ce ya maimaita kalmar a hankali. Jummare, matar Bappayo, ta ce ƙashin ya yi romo mai kyau, ruwan dai daga rijiya ta ɗebo.