Birkin da na taka a falon Alhaji Bala

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na taka birki a falon mutane ba. Ba a mota ba, a kan kujera mai laushi, gaban talabijin. Teburin gilashi ya fashe, aikin da na je nema ya bi shi.

Ni direban babbar mota ne. Shekara ashirin da bakwai ina hanya a nan Kamaru, daga Douala zuwa Bertoua, Ngaoundéré, wani lokaci har Kousseri. Ban yi boko ba. Na kwana a daji, na kwana a hannun 'yan fashi, na kwana a gadon asibiti. Yanzu gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara yaji. Abin da nake so bai da yawa: in riƙa kwana a ɗakina a unguwar New Bell ta Douala kullum, in san 'ya'yana kafin su gama girma.

Wan matata, Malam Iro, shi ya samo mini hanya. Ya ce Alhaji Bala, mai shigo da atamfa a kasuwar Mboppi, yana neman direban gida. Aikin shi ne kai jikoki makaranta, da kai mahaifiyarsa, Hajiya, asibiti sau biyu a mako. Ya ce in je ranar Lahadi bayan azahar.

Da safiyar Lahadin na shigo gari daga Ngaoundéré. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na ajiye mota a garejinmu da ke unguwar Bassa, na yi wanka, na sa kaftanin Juma'a. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, ka kwanta ko awa biyu. Idonka kamar gauta." Na ce mata ba yau na fara ba.

Na tarar da Alhaji a falo shi da babban ɗansa Nasiru, wanda ke aikin ofis a tashar jirgin ruwa. Falon sanyi ƙalau, na'ura na hura iska, waje kuma ruwa na zuba. Aka kawo shinkafa da miyar gyaɗa da kifi. Na ci, aka ƙara mini, na cinye (wannan ne kuskure na farko). Alhaji bai tambaye ni komai ba tukuna. Ya ce, "Bari yaron nan ya gama kallonsa, sai mu yi magana."

Talabijin ɗin ya kusa cika bango. Wasu motoci ne ƙanana, a kwance kamar kyankyaso, suna ta gudu. Gefen allon cike da rubutu da lambobi suna hawa suna sauka, ni ban san abin da suke cewa ba. Turawa biyu na ta surutu da Faransanci, ba a ganinsu, ba sa numfashi.

Na ce, "Wannan wane irin tsere ne?"

Nasiru ya ce, "Na awa ashirin da huɗu ne, Baba. A Faransa. Tun jiya suka fara."

"Ina za su?"

"Babu inda za su. Zagaye suke yi."

"Me suka ɗauko?"

"Ba komai."

Na hau lissafin man da ake ƙonawa. Hanya sumul, ba rami, ba jandarma, ba saniya, ba ɗan acaɓa ko ɗaya. Na nuna wata ja da ke gaba na ce to wannan ce za ta ci. Nasiru ya ce a'a, wannan an wuce ta sau tara, ta bayanta ce ta ɗaya. Wato ta gaba ita ce ta baya. Ban sake nuna kowa ba.

Abin da ya burge ni ɗaya ne. Mota ta tsaya, mutane suka yi mata caa, suka sauya taya huɗu kafin in haɗiye lomar da ke bakina. Ni na taɓa yin yini guda a kan taya ɗaya. Amma ana cikin haka sai na ga direban ya fito, wani ya shige, an ja mota.

Na ce, "Shi wancan me ya same shi?"

"Ya gaji, Baba. Su uku ne a kowace mota. Wannan ya yi awa biyu ko uku, ya je ya kwanta, wani ya karɓa. Doka ce ma, ba a barin mutum ya wuce ƙa'ida."

Ni ba mai magana ba ne. A garejinmu akan yi mako ba a ji muryata ba. Amma ranar na ga Alhaji na kallona, na ɗauka lokacin da zan sayar da kaina ne ya yi. Na gyara zama na ce, "Awa uku? Alhaji, waɗannan ba direbobi ba ne, 'yan gata ne. Ni nakan tashi daga nan har Ngaoundéré ban miƙa wa kowa sitiyari ba. Goro biyu da shayi sun ishe ni. Barci bai taɓa kayar da ni ba, ni nake kayar da shi."

Nasiru ya ce da Faransanci, "Ah bon?", wato ashe?

Alhaji ya ce, "To, madalla."

Daga nan masu talabijin suka yi mini abin da ban san ana yi ba. Suka shigar da mu cikin motar. Ashe akwai kamara a bayan direba. Ga hannu a kan sitiyari, ga kwalta na tahowa, ga farin layi na shigewa ƙarƙashi, injin na kuka da murya ɗaya ba ya sauyawa. Duk wanda ya yi doguwar hanya ya san wannan kukan. Ga ciki a cike, ga sanyi, ga kujerar da ta haɗiye ni har kafaɗa. Na tuna na ce a raina bari in ga yadda zai sha wannan kwanar. Ban ga yadda ya sha ta ba.

Ƙara ce ta tashe ni. Ƙarfe na gogar ƙarfe. Na buɗe ido na ga mota a gabana tana juyawa a hankali, tarkace na tashi sama. Sau ɗaya na taɓa jin irin wannan ƙara, a wani gangare kusa da Meiganga, shekarun baya. Na gaya wa kowa birki ne ya tsinke, har matata. Ba birki ba ne, barci ne.

Ƙafata ba ta jira ni ba. Na yi salati da ƙarfi, na danna birki iyakar ƙarfina. Birkin shi ne teburin gilashin Alhaji. Ya tafi ya bugi ƙafar kujerarsa ya tarwatse. Jug ɗin zoɓo ya tashi ya sauka a kan farar shaddarsa. Ni kuma ga ni zaune, hannu biyu a miƙe, na riƙe farantin kifi ina murɗa shi hagu.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Nasiru ya ce a hankali, "Baba, maimaici ne. Hatsarin tun jiya aka yi shi, suna sake nunawa ne. Direban ma lafiyarsa lau."

Wato na taka wa hatsarin jiya birki, a wata ƙasa. Na tambaye shi minti nawa na yi. Ya dubi mahaifinsa kafin ya ce kusan arba'in. Ya ce Alhaji ne ya sa aka rage murya don kada a tashe ni, ƙarar hatsarin ce ta fi ƙarfin ragin.

Ƙofar ciki ta buɗe. Hajiya ta fito da sandarta, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Ta dubi gilashin, ta dubi rigar ɗanta, ta dubi farantin da har yanzu ban ajiye ba.

Ta ce, "Bala, wannan ne zai kai ni asibiti?"

"Shi ne muke magana, Hajiya."

"To zai kai ni kam. Ko ban shirya ba." Ta juya ta koma.

Na durƙusa ina tsince gilashi. Alhaji ya ce in bari. Ya ce, "Malam, yaushe rabonka da barci?"

Na ce, "Tun daren Alhamis."

"Da ka faɗa da ka shigo, da na ba ka ɗaki ka kwanta, mu yi magana da la'asar. Mutum ya gaji ba laifi ba ne. Amma jikokina biyar ne. Ba zan sa su a bayan wanda ba zai ce ya gaji ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Ya rako ni har ƙofa da jan zoɓo a ƙirjinsa, ya hana ni zancen tebur, ya ce in gai da gida. A bayanmu Turawan nan suna ta ihu, wai an gama, wani ya ci. Ban waiga ba.

Malam Iro ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Matata ta shimfiɗa mini tabarma kawai. Aikin an ba wani Bafulatani, na ji yana nan har yau, kullum yana sallar isha'i a unguwarsu.

Abin da na koya bai wuce wannan ba: in za ka yi wa barci ƙarya, kada ka yi ta a kan kujera mai laushi. Yanzu da na ji idona ya yi nauyi nake gangarawa gefen hanya in kashe mota in kwanta, ko da rana tsaka. Yaran gareji sun sa mini suna Baba Fakin, ina amsawa. Ina Bassa, ana loda mini siminti. Gobe Bertoua.