Sifikar da Ta Yi Anko

Ana jibi Sallah sifikarmu ta tsakiya, wadda ke fitar da maganar 'yan fim, ta ƙone. Na ƙudurta burge maigida. Ni da nake haɗa wa amare anko, sifika za ta gagare ni?

A kasuwar Laranto mai shago ya tambayi ƙarfin sauran sifikunmu. Na ce, "Oga, baƙa mai ratsin azurfa kawai." Launi kam ya zauna ɗas.

Ranar Sallah baƙi sun cika falo, na yi bismilla na kunna fim. Jarumi ya yi raɗa, sai ga maƙwabciyata Maman Ladi afujajan, ta zo rabon faɗa. Ashe sifikar irin ta masu tallan magani ce.

Har yau ko ƙwan fitila aka sayo, maigida sai ya ce, "Injiniya, ya yi anko?"