Ni da Mai Bita na Biyu

A wayar Hadiza na fara ganinsa, muna zaune bakin kanal na noman rani a Kura. Lokacin an sa mana ranar aure, ita kuma ta tura wa wata mujalla bincikenta kan tsutsar tumatir. Ɗaya daga cikin masanan da aka ba su duba aikin ya rubuto mata gyare-gyare shafi huɗu, ya sa hannu da "Mai Bita na Biyu."

Na ce, "Wane ne shi?"

"Ba a faɗin sunansu, haka tsarin yake," in ji ta, idonta na kan wayar. "Amma gaskiya ya fahimce ni."

Ni da na girma da littattafan soyayya, na san nufin namijin da ke ɓoye suna yana dogon rubutu. Tana fushi da shi, tana sake karantawa. Ai haka ake farawa!

Sai na shiga zauren WhatsApp na masu bincike da manoman yankinmu, na rubuta: "Mai Bita na Biyu, in ka isa ka fito. An biya sadakin Hadiza."

Malaminta ya amsa: "Ango, mu ma mun daɗe muna nemansa."

Ta daina ɗaga wayata, sai da yayata ta je ban haƙuri.

Yanzu Dakta Hadiza ce, uwar 'ya'yana. Manoma kuwa, in na wuce, sai su ɗago daga kwandunansu: "Mai Bita na Uku, ya fito kuwa?"

Bai fito ba. Kuma ba ta goge saƙonsa ba.