Furen da na sa wa sunan Mushe Sale

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina, da ranar da na shiga aji rungume da gwangwanin madara lulluɓe da kwali, ina jin kaina kamar wanda ya ɗauko zinariya.

Ina lise, wato babbar sakandare, a Gaya lokacin. Malaminmu na kimiyyar halittu, Mushe Sale (Mushe shi ne Malam a Faransancinmu), ya ce kowa ya kawo bayani a kan tsiro ɗaya, wanda ya fi kyau shi za a tura gasar ɗalibai a Dosso. Ni ban iya ƙwallo ba, ban iya hira ba, ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in furta. Wannan kujera ta Dosso ita kaɗai na taɓa so da gaske.

A ɗakin karatu na samo wani tsohon littafin Faransanci a kan wani furen daji, delfiniyom. Na haddace shi tas. Iri biyu ne: na kan duwatsu dogo ne, ganyensa mai faɗi kamar tafin hannu, yana son sanyi da laima. Na cikin gonakin hatsi gajere ne, ganyensa siriri, furensa jere a kan kara. Dukkansu kuwa suna da ɗan ƙaimi a bayan fure, irin na ƙafar zakara. Littafin ya nanata cewa da ƙaimin nan ake gane su.

Wata Asabar, a wata gonar dawa a bakin hanyar Dioundiou, na gan shi. Gajere, siririn ganye, fure ja-ja mai ɗaukar ido, cikin hatsi. (A shagon mahaifina na kusa da gada na tashi. Na san buhun dawa, ban san gindinta ba.) Na juya furen, na sake juyawa, babu ƙaimi. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na yanke cewa na gano sabon iri, na Gaya, wanda masu littafin ba su taɓa gani ba. Da na tono shi na ga saiwarsa manne da ta dawa, har na rubuta cewa tsiro ne mai son zumunci.

Ban nuna wa kowa ba. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada a riga ni.

Ranar bayani na zana ire-iren a allo, na fayyace mazaunin kowanne, ban yi tuntuɓe ba. Mushe Sale yana gyaɗa kai. Sai na ce, tunda al'adar masana ce a sa wa sabon tsiro sunan mutumin da ake girmamawa, na sa masa sunan malaminmu, don ya yi kama da shi wajen kusantar na ƙasa da shi. Na ɗaga kwali.

Zali, wata 'yar ƙauyen Karakara da ke zama a gaba, ta leƙa gwangwanin ta ce, "Mushe, don Allah a fitar da shi kafin ya zubar da iri. Gona ɗaya gare mu."

"Ƙuduji ne fa," in ji wani daga baya. "Malam masani, har ruwa kake ba shi?"

Ina ba shi, safe da yamma. Ciyawar da ke shanye dawa tun daga saiwa, wadda iyayen rabin ajin suke tumɓukewa su ƙone suna tsine mata, ita na yi wa gata, na kuma ce ta yi kama da malamina.

Mushe Sale bai yi dariya ba. Ya dubi allo ya ce, "Kai ka rubuta cewa da ƙaimi ake gane shi?"

"Ni ne, Mushe."

"Ka ga ƙaimin?"

"Ban gani ba."

"Je ka zauna."

Zali ce ta tafi Dosso. Wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, kafin a tashi ranar sunan Mushe Ƙuduji ya zagaye makaranta, kuma na ji har yau ƙananan da ba su san ni ba da shi suke kiransa a ɓoye. Mutumin da ya fi kowa ba ni aron littafi, abin da na saka masa da shi ke nan. Idan muka haɗu a kasuwa yakan amsa gaisuwata, idonsa a kan tumatir.

Har gobe ina iya bambance maka delfiniyom na dutse da na gona, furen da ban taɓa gani ba. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne: idan na duba ban ga ƙaimi ba, to babu shi. Kuma kafin in sake karrama wani, sai na fara ɗaga kwalin a gaban ɗan Karakara.