Zakiru da Iyafis Mai Kashe Hayaniya

Wani mutum ne a Gusau, Zakiru sunansa, amma shi ya fi son a ce Injiniyan Sauti. Ko fis ɗin rediyo bai taɓa canzawa ba. Sai dai in ya fara zancen kunnensa, ka rantse da shi ake gwada lasifika a kamfani. Ya ce in sauro ya gifta yana gane na Tudun Wada ne ko na Sabon Gari.

Wata ranar da la'asar, ana zaune a majalisarsu ta ƙofar shagon ɗinki, sai ga Nazifi tela ya fito da wani kwali yana washe baki. Yayansa ne ya aiko masa daga waje: iyafis mai waya, irin wanda ake cusawa cikin kunne, da wata 'yar na'urar jin waƙa mai kamar kwalin ashana.

Zakiru ya karɓa ya gwada. Kai! Sai ya ji kamar makaɗin yana zaune a kafaɗarsa. Yawunsa ya tsinke. Nan take ya ɓata fuska.

"Kash! An cuce ka, Nazifi."

"Cuta kamar yaya?"

"Ba su dace ba. Iyafis da na'ura kamar takalmi da ƙafa ne, sai an gwada. Wannan na'urar wutarta mai zafi ce, iyafis ɗin kuma sanyi gare shi. In ka matsa musu, wata rana kana ɗinki za ka ji fau! Hayaƙi ta kunne."

Nazifi ya dafe kunnuwa. "Subhanallahi! To yaya zan yi?"

Zakiru ya yi ajiyar zuciya, ya zaro wasu farare guda biyu marasa waya daga aljihu. A baro ya saye su a bakin tasha, na hagun ma tun sati na farko ya yi shiru.

"Ka ga waɗannan? Masu kashe hayaniya ne. Kai da kake wuni tsakanin keken ɗinki da janareto, su ne naka. In ka sa su, ko tirela ta kife a gabanka sai dai ka gani da ido. Saboda zumunci, kawo kwalin nan yadda yake, ka riƙe su. Ni na san yadda zan lallaɓa abin."

Har Nazifi ya miƙa hannu, sai Sha'aban, abokinsa mai sayar da katin waya, ya riƙe masa gwiwar hannu.

"Tsaya tukuna. Injiniya, sa su mu gani. Ka rufe ido, mu yi ta surutu. In ba ka ji komai ba har mu taɓa ka, kwali ya zama naka."

"Wannan ne kawai?" Zakiru ya cusa su, ya runtse ido, ya harɗe hannuwa, ya hau kaɗa kai kamar mai jin waƙa. A ransa ya ce, yau ko kashe ni za su yi ba zan motsa ba.

Sha'aban ya buga murfin tukunya a bayansa. Ƙwarangwam! Ƙarar ta shiga har ƙwaƙwalwar Zakiru, amma ko gira bai ɗaga ba.

"Lallai bai ji," in ji Nazifi.

"To tunda bai ji, bari mu faɗi gaskiya," in ji Sha'aban. "Ka san agogon nan nasa tun bara yake ƙarfe uku?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Zakiru ya ci gaba da kaɗa kai.

Wani ya ce, "Digirin da yake cewa ya yi fa? Rakiyar ƙaninsa ya yi zuwa rijista."

Kaɗa kan ya ƙara sauri. Gumi ya tsatso masa a goshi.

Sha'aban ya rage murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da ya je zance gidan su Rumaisa, takalmin wa ya sa? Na ladan. Bawan Allah ya fito masallaci ya yi ta nema."

Jijiyar wuyan Zakiru ta miƙe kamar igiyar shanya. Ya cije. Kwali, Zakiru, tuna kwali.

Ana haka mai tsire ya iso da saƙon majalisa. Aka baje takarda. Ƙamshin ƙuli da albasa ya daki hancinsa. Yana jin cakam-cakam, yana jin ana cewa, "Wannan mai kitsen rabon Injiniya ne, to bai san an kawo ba, cinye." Maƙogwaronsa ya yi ƙut. Ya haɗiye, ya daure.

Can Nazifi ya nisa. "Gaskiya abin nan na aiki. Bari in ba shi kayansa."

Zuciyar Zakiru ta yi fari ƙal. Har ya fara tsara yadda zai shiga gari da sabon kaya a kunne.

Sai Sha'aban ya matsa jikin Nazifi, ya yi raɗa, raɗar da ko na kusa da su sai da ya karkato kai: "Zare 'yar na'urar ka sa a aljihu. Ka ba shi iyafis ɗin kawai, ba zai lura ba."

Zumbur Zakiru ya miƙe, idonsa a rufe.

"Wallahi ba ku isa ba! Kwalin yadda yake na ce!"

Ko mai tauna ya tsaya da tauna.

Ya buɗe ido a hankali. Kowa shi yake kallo. Nazifi ya janye kwalin ya rungume.

"Injiniya," in ji Sha'aban, "ashe ka ji?"

"Caji... caji ne ya ƙare. Yanzun nan. Daidai kan maganar nan."

"Ayya, daidai kanta? Wato na baya duk ba ka ji ba?"

"Ko ɗaya!" Zakiru ya daki ƙirji. "Ban ji komai ba! Kuma ku ji tsoron Allah, takalmin ladan ɗin nan kafin isha'i na mayar masa!"