Yadda Za Ka Zama Gwanin Ɗora Bututun Bindiga Ko da Ba Ka San Tsakiyar Rami Ba

Ni ce Ermelinda, Linda a bakin 'yan gari, matar marigayi Tarcisio maƙerin bindiga, mai shagon nan na bayan gadar kogin Mella. Aji uku na yi aka cire ni daga makaranta, amma shekara arba'in da ɗaya na yi ina kai abincin rana shagon ƙira, kuma mai kai abinci ta fi limamin coci jin asirin mutane. To kai da kake son a riƙa ce maka maestro, wato babban gwani, a wannan kwari namu alhali hannunka bai iya komai ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kafin shekara ta zagayo za a riƙa ɗaga maka hula a ƙofar coci. Ba ji na yi ba, a gidana aka gwada. Surukina Gualtiero ne ya gwada, mijin 'yata Ornella, wanda kafin ya aure ta tayil ɗin banɗaki yake sayarwa a Brescia.

Mataki na 1: Ka auri shago

Koyon sana'a shekara goma ne, aure kuwa rabin yini. Nemi yarinyar da ubanta ke da injin sassaƙa ƙarfe, irin mai juya bututu yana fere shi, kuma ka tabbata tsohon ya fara tari. Sauran aikin na Allah ne.

Sai dai ka sani shago ba shi ne duka ba. Kowane maƙeri a nan yana da ɗan hatiminsa na ƙarfe da yake bugawa a ƙarƙashin bututu, inda katako ke rufewa. Wanda ba shi da hatimi, ko ya mallaki injin goma, mai shara ne. Na Tarcisio yana aljihun rigar girkina tare da alewar tari. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba Gualtiero ya zo yana murza hula.

"Mama, maganar hatimin nan fa?"

Na ce, "Duk wanda ya ɗora bututun da ya tara harsashi uku a gindin kofin gahawa daga mita ɗari biyu, shi ne mai shi."

Ya yi dariya, ya ce ai wannan aikin sati guda ne.

Mataki na 2: Ka sayi kaya masu ƙyalli

Injin Tarcisio tsoho ne, ya girmi aurenmu. A gaba yana da baki mai haƙora huɗu da ke riƙe bututu, kowane haƙori da ɗaurinsa daban. A baya akwai wani zobe mai kusoshi huɗu da ya haɗa da kansa daga guntun fayif, muna ce masa gizo-gizo, shi ke tallafe jelar bututun. Sai 'yan yankunan tagulla da yake sa wa a tsakani don kada haƙora su ciji ƙarfen mutane. Da waɗannan ya ciyar da mu.

Kai kada ka yarda a gan ka da irin wannan tarkace. Je kasuwar baje koli ka dawo da abin riƙe bututu na zamani, a akwati mai soso kamar an kwantar da jariri. Haɗa da agogon awo guda uku, irin masu allurar da ke nuna ko ƙarfe na rawa in yana juyawa. Ɗaya ya isa aiki, amma uku sun fi kyau a hoto.

Gualtiero ya ce mini, "Mama, wannan har kaurin gashi yake rabawa gida hamsin."

Na ce, "Madalla. Sai a fara da naka kafin ya ƙare."

Mataki na 3: Ka yawaita lissafi a mashaya

Hikimar magabata ce: gwanin da ya yi shiru, matarsa ce kawai ta san gwani ne. Kowace yamma ka je mashayar dandali, ka bar ɗan baƙin mai a gefen hanci, ka nemi barasar grappa da muryar wanda ya gaji. In an yi maganar ƙwallo, ka juya ta zuwa milimita. In wani tsohon maƙeri ya buɗe baki, ka girgiza kai ka ce, "Wannan ai hanyar da ce." Ba sai ka san ta yanzu ba.

Mataki na 4: Ka samu mafarauci mai suna

Gyaran bindigar harbin tsuntsu ba ya sa a ɗaga maka hula. Kana bukatar mutum irin Battista, mai shekara saba'in da huɗu, wanda ya fi awakin dutse sanin dutsen. Bututun bindigarsa ya cinye, saura sati uku a buɗe farauta, kuma likita ya gaya masa gwiwoyinsa ba za su sake kai shi ƙololuwa ba bayan bana. Akuya ɗaya yake so, ta ban kwana.

Ya ajiye bindigar a kan tebur, ya leƙa bayan Gualtiero.

"Linda tana lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Idonta fa? Hannunta ba ya rawa?"

"Jiya ma ta mari kyanwa ba ta kuskure ba."

"To shi ke nan, na bar maka."

Gualtiero ya zo gida yana gaya wa Ornella wai tsohon nan da alama ya taɓa nemana da aure. Ni ma na ji daɗin maganar, har na sake ɗaurin kallabi.

Mataki na 5: Ka auna fata, ka ƙyale rami

Nan ne zuciyar karatun, ka buɗe kunne. Bututun bindiga kamar ɗan Adam yake: wajensa sumul, amma ramin da ke ciki ba lalle ne ya bi tsakiya ba. Harsashi kuwa ba ruwansa da waje, ta rami yake bi. Saboda haka maƙerin kirki ramin yake daidaitawa a inji kafin ya yanka mazaunin harsashi, ko da wajen zai riƙa rawa kamar mashayi. Aiki ne na ɗaure nan, sassauta can, har bayanka ya ƙage.

Kai ina ruwanka da wannan wahala? Ɗora allura a bayan bututu. Cikin minti biyar za ta tsaya cak, ka ɗauke ta a waya ka tura wa abokai.

Za ka ce, to in an harba fa? Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ko limami ba. Shekara ashirin da shida da suka wuce idon Tarcisio ya fara hazo, allurar ta zama biyu a gabansa. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai kullum da jiniyar sha biyu ta kaɗa, yakan karɓi kwanon polenta, tuwon masararmu, ya fita tsakar gida, ya juya wa ƙofa baya, ya ci a hankali kamar mai ƙirga loma. Ni kuma in shiga shara. Tun ina amarya nake kallon hannunsa, kuma idon da ke zura zare a allura ba agogon awo ne zai gagare shi ba. Kafin ya gama shan lofe, ramin ya zauna a tsakiya. Har ya koma ga Allah bai ce mini na gode ba. Amma ni gajeruwa ce, kuma kullum sai in tarar da 'yar kujera a jikin injin, daidai inda zan taka.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da sharata. Wata biyar Gualtiero yana auna fata, ina bin bayansa ina auna rami, ƙananan ayyuka suna fita daidai, shi kuma yana gaya wa mashaya baiwa ce aka haife shi da ita.

Mataki na 6: Ka sa kwaɗo

Wannan matakin surukina ne ya ƙirƙiro shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da can in ya ci ya ƙoshi, ba ya sake duba komai, yanka kawai yake yi. Amma ranar da ya ɗaure sabon bututun Battista a sabon abin wasansa, sai ya dawo daga cin abinci ya ce bari ya ƙara ɗaukar hoto. Ya kunna inji, ya ga allura tana rawa a bayan bututu. Ga kuma garin masara a jikin agogon.

Ya shigo kicin fuska a murtuke.

"Mama, akwai mai taɓa mini kaya. Na bar allura a tsaye, na dawo na tarar tana rawar biki."

"Ɗana, ramin ka auna ko fatar?"

"Mama, don Allah ki riƙe tukunya, ki bar ƙarfe ga masu shi."

Ornella ta dube ni, na dube ta, na ci gaba da tuƙa polenta. Sau ɗaya ake gaya wa suruki gaskiya, na biyu ya zama tsegumi.

Ya koma ya warware duk abin da na ɗaure, ya mayar da fata daidai, ya yanka. Washegari ya sa kwaɗo mai lamba a ƙofar shago. 'Yar kujerar kuwa ya fitar da ita tsakar gida ya ɗora mata tukunyar fure. Wannan ne kaɗai ya yi mini ciwo.

Mataki na 7: Ka tanadi uzuri tun daga gida

Ranar gwaji, Asabar da safe a tsohon wurin fasa dutse, kada ka je hannu rabbana. Tafi da iska a aljihun dama, lalataccen harsashi a na hagu, tsufan mai harbi kuma a hula.

Rabin mashaya sun zo kallo. Ni ma na je da kwandon burodi, don irin wannan rana ba a bari a ba ka labarinta. Battista ya kwanta, ya harba uku. Na farko ya huda kunnen takardar. Na biyu ya sauka can ƙasa. Na uku har yau ana nemansa.

Gualtiero ya ce, "Iska ce."

Hayaƙin sigarin mutane yana tashi sak kamar sanda.

"To harsashin ne."

"Da shi nake harbi tun kana tsotson yatsa," in ji Battista.

"Baba, kada ka ji haushi, amma ido in ya kai saba'in..."

Battista ya juya ga kayansa. Ya buɗe buhu ya zaro bindigar ƙanensa mai hatimin Tarcisio, ya sake kwanciya, ya harba uku. Aka kawo takarda, wani ya kifa kofi a kai, ramukan suka ɓace.

Battista ya tashi da ƙyar, yana dafa gwiwa.

"Ɗan nan, wa ya ɗaure bututuna a inji?"

"Ni, da hannuna. Ba wanda ya taɓa shi, har kwaɗo na sa."

"Kwaɗo. Linda fa?"

"Tana kicin, inda ya dace da ita."

Battista ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji. Ya kulle maƙerin a waje, ya zauna a ciki da kayan aiki." Sai ya dawo kan Gualtiero. "Ka zaci gaisuwa nake yi da na tambayi idonta? Daga Gardone har Collio babu mafaraucin da ke barin bindiga a shagonku sai ya ji Linda na kan ƙafarta. Shekarar da ta karye a hannu, duk kwarin nan ba wanda ya canza bututu. Jira muka yi."

Burodin da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "Kai tsohon banza, tun yaushe kuka sani?"

"Tun shekarar farko. Tarcisio ne ya faɗa mana a mashaya, ya ce duk wanda ya bari kika ji, ba zai ƙara taɓa masa bindiga ba. Wai in kika san an sani, kanki ba zai wuce ta ƙofa ba."

Ni Ermelinda, wadda na san cikin 'yar mai burodi kafin uwarta ta sani, ashe shekara ashirin da shida gari guda yana gulmata ban ji ba. Har matansu. Ban yafe musu ba, kuma wancan mutumin da ke kwance a maƙabarta, ranar Lahadi na je na gaya masa abin da ke raina, sannan na canza masa furanni.

Mataki na 8: Ka koyi cin abinci a hankali

Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa. Aka nemo wani bututun, saura kwana tara a buɗe farauta. Gualtiero da kansa ya cire kwaɗon, ya sauke tukunyar fure, ya shigo da 'yar kujera yana kallon ƙasa. Na hau, amma ban taɓa komai ba, don ni ma allurar ta fara zama mini biyu, ban dai gaya wa Battista ba. Ornella ce ta ɗaure. Tun tana 'yar shekara tara take riƙe mini tsintsiya a lokacin sharar nan, ba kuma ƙasa take kallo ba. Ta yi amfani da sabon abin riƙon mijinta, ta ce kayan kirki ne, mai shi ne dai.

Harsashi uku, kofi ɗaya. Na zaro hatimin daga cikin alewa na miƙa mata a gaban kowa. Battista ya hau dutsensa ya sauko da akuyarsa, ya aiko mana da cinya.

Gualtiero fa? Yana nan a gaban shago da rigar aiki mai guga, yana tarbar baƙi yana yi musu lissafin milimita, abin da dama ya iya ke nan. Da jiniyar sha biyu ta kaɗa sai ya ɗauki kwanonsa ya fita tsakar gida, ya juya wa ƙofa baya, ko da yake yanzu ba abin da ake ɓoyewa. A ƙofar coci kuwa ana ɗaga masa hula ana cewa, "Barka da asuba, maestro. Ornella tana lafiya? Idonta fa?" Ka ga ban yi maka ƙarya ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan bindigarsa ta harbi gabas alhali ya auna arewa, kada ya zo ƙofata. Ni tsohuwa ce mai aji uku, ban san ƙarfe ba, surukina ma shaida ne. In akuya ta tsere, in mashaya ta yi maka waƙa, in matarka ta karɓe hatimi, tsakaninka da wanda ya sayar maka da kwaɗo. Ni shara kawai nake yi.