Ranar da na ba da Zulai aro

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma Allah ya sani na gwada mantawar. Bayan la'asar ne, a ƙofar gidan kawuna Iliya a Kudan, a farkon saran rake. Waɗanda suke wurin su ne Kawu, da limamin unguwa, da Malam Buba, makiyayin da ke kwantar da shanunsa a gonar Kawu duk rani, da maƙwabta cike da tabarmi, sai ni. Zulai, wadda aka taru dominta, tana durƙushe a bakin zaure.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, labarin wasanni nake karantawa. Wanda ya horar da mu ya dasa mana ƙyamar kalmar Turanci a bakin mai karanta labarai, ni kuwa na ɗauki abin da zafi fiye da shi. Ba na cewa gola, sai mai tsaron raga. Ba na cewa fenariti, sai bugun daga kai sai mai tsaron gida. (Matata ta ce ranar da na gano Hausar caji, ranar za ta huta da ni.) Idan na koma gida Makarfi, mutane kan sa ni magana don kawai su ji muryar da suke ji a akwatin rediyo, ni kuma ban taɓa yi musu rowa ba.

Zulai 'yar Kawu ce, ƙanin mahaifiyata, wato taubashiyata. Ƙwallo take bugawa, kuma da ita take ci. Ta fara ne a makarantar 'yan mata a Ikara, inda wata malama ta lura cewa duk wadda ta nufo raga da ƙwallo, idan ta iso wurin wannan doguwar yarinya, nan tafiyarta take ƙarewa. 'Yar wasan baya ce, lamba biyar. Ba ta da ado a wasa, ba a yi mata tafi sosai, domin aikinta shi ne hana abin da 'yan kallo suka zo gani. Na taɓa kallonta sau ɗaya a Kaduna, na ga ta tashi sama ta sa kai ta kore ƙwallon da ni daga inda nake zaune na riga na rubuta an ci.

Kafin Kawu ya yarda ta tafi wata ƙungiya a Kudu, an sha fama. Abin da ya shawo kansa shi ne an nuna masa cewa aiki ne kamar kowane aiki: akwai albashi, akwai masauki na mata zalla, kuma da dogon wando da ɗaurin kai take shiga fili. Tun daga lokacin, idan aka tambaye shi ina Zulai, cewa yake, "Tana wurin aiki." Bai taɓa ƙara kalma a kai ba.

To, sai wata babbar ƙungiya ta neme ta na kakar wasa ɗaya, da sharaɗin idan ta yi abin kirki za a riƙe ta. Wannan ita ce damar da kowace 'yar wasa take jira, kuma sau da yawa ba ta zuwa sau biyu. Zulai ta zo gida neman albarka, domin ta rantse ba za ta taka ko'ina ba sai da yardar mahaifinta. Ta ce masa an yi mata taransifa. Kawu ya san taransifa sarai. Ya ga an yi wa malaman makaranta, ya ga an yi wa malamin gona daga Kudan zuwa Ikara, har da ƙarin girma. Ya ji daɗi, ya sa aka dama fura, aka soya waina, ya kira mutane addu'a.

Da safiyar ranar ta kira ni a waya.

"Bawana, kana zuwa?" (Haka 'ya'yan kawu suke ce wa ɗan mace, kuma Zulai ba ta taɓa yafe wannan haƙƙi ba.)

Na ce, "Ina zuwa, uwar ɗakina mai dukan 'ya'yan mutane a ƙwauri."

Ta ce, "To don girman Allah, idan ka zo ka sha furarka ka yi shiru. Kada ka kunna mana rediyo."

Na yi dariya. Na ɗauka wasan taubasantaka ne.

An yi addu'a lafiya, an shafa. Ana cikin rabon waina sai Liman ya juyo wurina. Ya ce, "Yawwa, ga masanin abin a zaune. Malam, wannan taransifa ta 'yan ƙwallo, gwamnati ce take yi, ko yaya abin yake?"

Amsar da ta dace gajeriya ce: canjin wurin aiki ne, Allah gafarta Malam. Da na faɗi haka, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma mutane sun yi tsit, sun juyo, wani ma ya ce wa na kusa da shi, "Saurara, muryar nan ce." Sai na ajiye kofin fura. Na gyara zama. Na gyara murya, irin gyaran da nake yi idan jar fitila ta kama a ɗakin watsa labarai.

Na ce, "Da farko dai, taransifa ba Hausa ba ce."

Na hango Zulai ta ɗago kai. Na ga idonta, na kuma ci gaba.

"Abin da ya faru shi ne, ƙungiyarta ta ba da ita aro ga wata ƙungiyar, na tsawon kaka ɗaya. Idan waɗancan suka gwada ta suka ga ta yi musu, sai su saye ta gaba ɗaya."

Wallahi haka muke faɗa kullum a rediyo. An sayi wane, an sayar da wane, an ba da aron wane. Babu wanda ya taɓa bugo waya ya yi ƙorafi. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, duk waɗanda nake sayarwa a labarai 'ya'yan wasu ne a ƙasashe masu nisa, kuma iyayensu ba sa zaune a gabana da waina a hannu.

Kawu ya mayar da wainarsa cikin faranti a hankali.

Ya ce, "Aro?"

Na ce, "E, Kawu, aro."

"Kamar galma?"

Wani ya fara dariya, ya ga ba kowa, ya haɗiye ta. A nan ma da na tsaya, da wataƙila an gyara. Sai na shiga aikin gyara da kaina, wanda shi ne ya ƙarasa rushe ginin.

Na ce, "A'a Kawu, abin alfahari ne. Darajarta ce ta tashi a kasuwa."

Liman ya ce, "Wace kasuwa?"

"Kasuwar 'yan wasa. Ana buɗe ta ne lokaci-lokaci, kafin a rufe, kowace ƙungiya ta sayi wanda take so. Har likita za su sa ya duba lafiyarta kafin a ƙulla ciniki."

Malam Buba, wanda tun zuwansa bai ce komai ba ban da gaisuwa, ya gyaɗa kai irin na wanda a ƙarshe aka zo fagensa. Cikin natsuwa, ba da niyyar ba'a ba, ya ce, "Haka ne. Mu ma sai an duba haƙori."

Ban san shiru yana da nauyi ba sai ranar, ni da aka koya wa cewa shirun daƙiƙa kaɗan a rediyo laifi ne. Har kukan injin matse rake daga bayan gari ana ji.

Kawu bai dube ni ba. Zulai ya kira.

"Zulaihatu."

"Na'am, Baba."

"Abin da ɗan'uwanki ya faɗa, haka ne?"

Ta ce, "Baba, yadda ake faɗa ne kawai. Aikina ne za su..."

"Haka ne, ko ba haka ba ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka ake cewa."

Ya ce, "Ni aiki na ba ki izinin zuwa. Ban ba wa kowa ke ba, balle ya ba da aronki. Kuma a gaban mutane na tara su su yi addu'a a kan ciniki ban sani ba." Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Ba inda za ki. Jama'a, na gode, Allah ya ba da lada."

Mutane suka watse da sauri irin na waɗanda suka samu labarin kai wa gida. Na tsaya ina neman takalmina, wanda yake gabana. Zulai ta fito kwashe kwanuka. Na matsa kusa da ita. Ta durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da ba ta taɓa yi mini ba tun tana yarinya, ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan Makarfi na wuce wurin mahaifiyata, domin ita kaɗai ce take iya tanƙwara ƙaninta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai da aka ce ka sha fura, uban wa ya aike ka fassara?" Ta yi ta zirga-zirga zuwa Kudan. Liman ma ya sa baki, bayan na je na yi masa bayani a tsanake cewa takardar aikin ake saye, ba yarinyar ba, bayanin da ya kamata in fara da shi. Kawu ba mutum ne mai taurin kai ba, amma an kunyata shi a ƙofar gidansa, kuma irin wannan ba ya warkewa a mako guda. A kasuwar Kudan har an fara tambayarsa, cikin raha, ko an samu mai saye.

Ya sauko daga baya. Ya kira ta ya sa mata albarka, ya ce ta je. Amma lokacin an riga an rufe rajistar 'yan wasa, babbar ƙungiyar ta ɗauki wata. Ƙungiyarta ta asali kuwa, da yake ta sa rai Zulai ta tafi, ta riga ta kawo mai maye gurbinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kalma tana iya zama daidai a gaban makirfo ta zama ɓarna a kan tabarma, kuma idan mai abu ta zaɓi kalmarta da kanta, to ta fi ka sanin kunnen da za ta shiga. Yanzu idan aka tambaye ni abu a taro, nakan cika bakina da abinci tukuna.

Zulai ta ƙare wannan kakar a benci. Da shekara ta zagayo aka sallame ta, ta koma wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na ƙasa, inda take bugawa har yanzu. Ƙungiyar ba ta cikin waɗanda muke karanta sakamakonsu.